Ranar da Na Sa Yaya Ta Faɗi Sunana

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wannan hali nawa ba. In aka miƙo mini shayi sai na leƙa cikin kofin kafin in kurɓa. In wakilin gona ya yi mini murmushi da safe, na san kafin la'asar akwai wani layin ciyawa da zai ƙara mini. Matata takan ce ko inuwata ce ta riga ni shiga ɗaki sai na tsare ta da tambayar abin da ya kawo ta. Ba na musa mata. Duk wanda ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin Gadambaliya, yana kwana bukka ɗaya da mutanen da bai san daga inda suka ɓullo ba, dole idonsa ya koyi kallon gefe. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wata rana zan juya wannan ido a kan matar da ta haife ni.

Ni ne ɗan farinta. An haife ni a wani ƙauye kusa da Mafaza, a bakin kogin Rahad, lokacin yankan riɗi, kuma babu wanda ya rubuta komai a ko'ina. Da aka yaye ni sai kakata ta wajen uba ta goye ni ta taho da ni Gadarif, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari a gidajenmu. Ita na buɗe ido na gani, ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don da sunan nan na ji ƙannenta suna kiranta in an kai ni ƙauye da salla. Sunan da aka raɗa mini na kakana ne, wanda ya taho da ƙafa daga yamma zai tafi Makka, ya tsaya a nan don ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri, har ya mutu daminar ba ta ƙare ba. Ka ga kenan kunya biyu ce ta hau kan sunana a wurin Yaya, ga ta ɗan fari ga ta suruki. Ban taɓa jin ta faɗe shi ba. In tana magana da ni sai ta ce "kai". In tana magana a kaina sai ta ce "wancan", ko "na wajen Inna". Bayan rasuwar babanmu ta dawo Gadarif da ƙannena, muka zauna gida ɗaya, Inna ma ta rasu, na yi aure na haihu, amma ina nan a wancan ɗina.

Wannan bai taɓa damuna ba sai da maganar takarda ta taso.

Na iya tuƙa tarakta tun da daɗewa. Na koya ne a gefen direbobi, ina riƙe musu jarkar mai ina satar kallon hannunsu. Mai gonar da nake wa aiki ya ga na iya, ya ce zai ba ni mota in bar fartanya, amma sai na kawo lasin. Lasin kuma ba ya samuwa sai da lambar ɗan ƙasa. Ban da wannan ma, hanya ta soma yi mini ƙunci. Sau biyu ana sauke ni daga lori a shingen bincike a hanyar Fau, a zaunar da ni a rana tare da wasu baƙaƙe irina, wani yaro mai kaki da bai kai ƙanina ba yana tambayata, "Inta min wen?" wai daga ina nake. Kabarin kakana yana ƙasar nan, na ubana yana ƙasar nan, baƙar lakar nan ta cinye mini takalma ba adadi, amma sai na kawo shaida. Ƙannena ba su da wannan matsala, don su a asibiti aka haife su, takardarsu ta riga haƙoransu fitowa.

Na ɗauki baffana, ƙanin babanmu, wanda shi kaɗai ya rage a dangin uba, muka tafi ofishin da ake yankar takardun. Mutumin da ke gabana a layi bai daɗe a ciki ba, ko shayin ma'aikacin bai huce ba ya fito yana naɗe takardarsa. Da na shiga, ma'aikacin, wani siririn saurayi mai tabarau, ya tambayi sunana har zuwa kakan babana, na jero masa. Ya tambayi ƙabila. Na ce Hausa. Sai na ga ya ajiye biro, ya jingina da kujera, ya gyara zama irin na wanda ya san hira za ta yi tsawo. Ya juya takardar Baffa gaba da baya, ya ɗaga ta sama yana haskawa. Daga ƙarshe ya ce tunda ba ni da takardar haihuwa, in je in zo da mahaifiyata in tana raye.

Sai da Baffa ya yi kwana uku yana lallashi kafin Yaya ta yarda ta bi mu. Ta naɗa tob ɗinta, wato babban mayafinta na zuwa biki, ta zauna a bakin benci kamar wadda aka kawo gaban alƙali. Larabcinta na kasuwa ne, amma tana ji sarai.

"Ya hajja," in ji ma'aikacin, yana nuna ni da biro, "wannan ɗanki ne?"

Ta gyaɗa kai, idonta a kan tabarmar ƙofa.

"Kwayyis, madalla. Mene ne sunansa?"

Ta ja gefen tob ɗin ta rufe bakinta.

"Ya hajja, sunan ɗanki nake tambaya."

"Ai ya san sunansa," ta ce a hankali, da Hausa, tana kallon Baffa.

Ma'aikacin ya ce to ta faɗi sunan mijinta. Nan fa ya ɓallo ruwa gaba ɗaya, don wanda ya kasa ɗaukar tulu ba a ce masa ya ɗauki randa. Yaya ta juya fuskarta ga bango. Baffa ya shiga bayani da Larabcinsa na tsofaffi, cewa al'ada ce, matanmu ba sa kama sunan miji ko na ɗan fari. Ni kuma haushi ya kama ni, na ce, "Yaya, don Allah ki faɗa mu tafi."

"Yaya?" Ma'aikacin ya cire tabarau. Ashe ya tsinci 'yar Hausa wurin masu gasa nama na bakin tasha. "Ba babbar 'yar'uwa kuke ce wa haka ba? Kai ka ce uwarka ce, kana kiranta yayarka. Ita ba ta san sunanka ba, ba ta san na mijinta ba." Ya yi 'yar dariya ba tare da ya buɗe baki ba. "Ya zol, bawan Allah, na ga waɗanda suke hayar uwa a bakin kasuwa su zo da ita nan. Amma su aƙalla suna koya mata sunan a hanya."

Ya ce in kawo wasiƙar shehun unguwa, wato mai unguwarmu, in dawo da Yaya, kuma sai ta faɗa da bakinta. Ya jefa takarduna cikin wani kwali a gefen ƙafarsa.

Ya kamata a ce haushinsa na ji, kuma na ji ɗin, har muka isa gida ina zaginsa a zuci. Amma maganarsa ta bi ni kamar ƙaiƙayin dawa a cikin riga. Na san al'adar, wane Bahaushe ne bai san ta ba? Sai dai sanin al'ada daban, zama wanda ake yi a kansa daban. Na soma duba gidajen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya. Matar maƙwabcinmu sa'ar Yaya ce, amma in ɗan farinta ya ɓata mata rai tana ƙwala masa kira da sunansa har a ji a masallaci. Matata tana kiran 'yarmu ta fari da sunanta tun ranar suna, ko a jikinta. Na ce a raina, to ita Yaya kunyarta ta fi ta kowa ne a duk faɗin Gadarif? Har a ofis, har a kan abincin jikokinta? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Daga nan na shiga tattara hujjoji, kuma mai zargi ba ya rasa su. Yaya fara ce, ƙannena duk sun ɗebo haskenta, ni kuwa baƙi ne kamar gindin tukunya. Ba ta taɓa miƙo mini abinci hannu da hannu ba, sai dai ta aiko ƙanwata. In na shiga rumfar tsakar gida tana zaune, sai wani aiki ya taso mata a madafa. Lokacin da zazzaɓin damina ya kwantar da ni har aka fitar da rai, kowa ya shigo ɗakin ban da ita, inuwarta kawai nake gani tana kai da kawo a bayan zana. Na tuna Inna tana yi mini rawa a cinya tana cewa, "Kai nawa ne, ba wanda ya haife ka sai ni." Duk kaka tana faɗin haka, na sani, amma yanzu sai maganar ta yi mini wani irin nauyi. Na kuma tuna babanmu ya yi shekaru yana zuwa yankan riɗi can wajen iyaka kafin ya natsu, inda mata 'yan ƙwadago suke zuwa daga ko'ina su koma ko'ina. Wa ya san abin da aka goyo aka kawo wa Inna? Na kwana na tashi, biri yana ta ƙara kama da mutum.

Matata na fara taɓa wa maganar, tana tuyar kisra, wainar dawar nan mai faɗi. Ta dube ni, ta dubi tandar, ta ce, "Wallahi kai ko madubi aka ba ka sai ka tambaye shi shaidu. Matar da ke ɓoye maka ƙanzon tuwo kullum, ta hana autanta, ita ce ba ta haife ka ba?" Na ce ai wanda ya san bai yi maka daidai ba shi ya fi kowa kyautata maka. Ta ce Allah ya ba ni lafiya, ta ci gaba da tuyarta.

Sai na je wurin Baffa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar gado. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Baffa, ranar da aka haife ni kana nan?"

"Ina gona."

"To wa ya gani?"

Ya ɗago kai. "Ya gani me? Haihuwa kallo ce?"

"Ina nufin ko akwai wata magana da ba a gaya mini ba."

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ya walad, kai yaro, kafin in manta kana da furfura a gemu." Wani zai ce tsawa ce ta wanda aka ɓata wa rai. Ni kuwa na tashi ina cewa, ka gani ko, ya ƙi amsawa.

Ita kanta Yaya na gwada ta. Wata ranar Juma'a da hantsi tana tsintar riɗi a faifai, na jawo kujera na zauna kusa da ita, abin da ban saba yi ba. Na ga kafaɗarta ta ɗaure. Na ce, "Yaya, wace rana ce aka haife ni?" Ta ce, "Tambayi baffanka," ta tattara faifanta ta shige ɗaki. Riɗin da ta zubar a ƙasa garin sauri kaji suka taru suka cinye, ni kuma na ƙara wannan a cikin hujjojina.

Shehun unguwa ya ba mu wasiƙa ba gardama, don shi ya yi wa gawar Inna salla. Muka koma ofis mu uku. Wannan karon saurayin mai tabarau ba shi kaɗai ba ne, akwai wani dattijo mai farin rawani a teburin gefe, da alama shi ne babba a ɗakin. Saurayin ya zaro takarduna daga kwali, ya karanta wasiƙar, ya juya ga Yaya zai soma. Dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ƙyale ta," ya ce. "Ɗan farinta ne ko? Ni a Mafaza na tashi, a tsakiyarsu. Maƙwabciyarmu har ta mutu ba ta kama sunan babban ɗanta ba, kuma shi ya sa ta a kabari. Ga baffansa, ga wasiƙar shehu. Buga masa ya tafi."

Saurayin ya ɗaga kafaɗa, ya jawo hatimi, ya danna shi a tawada. Na ji Baffa ya sauke numfashi. Yaya ta soma gyara tob za ta miƙe. Shi kenan, an gama, tarakta ta zama tawa, ba wanda zai sake zaunar da ni a rana a hanyar Fau. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru na ɗan lokacin da hannu zai sauko kan takarda.

Na ce, "Ba ka tambaye ta ba."

Da Larabci na faɗa, da ƙarfi. Hatimin ya tsaya a sama. Baffa ya take mini ƙafa har sai da na ji a ƙashi.

"Wancan karon ka ce sai ta faɗa da bakinta," na ci gaba. "To ta faɗa, kada gobe wani ya ce ba a cika sharaɗi ba." Ƙarya nake yi, kuma duk wanda ke ɗakin ya san ƙarya nake yi. Ba goben nake tsoro ba. Na ga ƙofa ce za ta rufe, wadda in ta rufe ba zan sake samun wanda zai tilasta mata ba, don ni ba ni da wannan iko sai na ari na hukuma.

Dattijon ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya taka sallaya da takalmi. Saurayin kuwa ya ma rasa abin yi, ya ce, "Halas, shi kenan, ya hajja, in kina so."

Yaya ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ido cikin ido, kuma iya sanina wannan ne karo na farko. Sai a lokacin na lura idanunta irin nawa ne sak, har ɗan jan da ke gefen na hagu. Ta sauke tob daga bakinta. Ta faɗi sunana. Ta faɗi na babanmu, ta faɗi na surukinta, ta faɗi na ubansa, ɗaya bayan ɗaya, ba rawar murya, kamar mai sauke kaya daga kan jaki. Sannan ta koma Hausa, don abin da ya biyo baya ba na ofis ba ne.

"Ranar Alhamis ce, bayan azahar. Na yanki riɗi har rana ta take, a gona naƙuda ta kama ni, ban kai gida ba sai rumfar mai gadi. Akwai tabon wuta a bayan cinyarka ta hagu, garwashi ka zauna a kai ana jibi za a tafi da kai. Ni na kwana ina shafa maka man shanu. Da kakarka ta goye ka, ban raka ku ko ƙofar gida ba, don kada a ce na yi rashin kunya. Ta ɓular zana na bi ku da ido har kuka sha kwana." Ta mai da tob ɗinta. "Akwai saura?"

Tabon yana nan. Ni kaina ban taɓa ganinsa da idona ba sai da madubi, kuma Inna ta ce mini ba ta san inda na samo shi ba.

Na ji ƙarar hatimi a kan takarda. Ban tuna wanda ya miƙo mini ita ba. A waje Baffa ya tare raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya shige shi kaɗai, ya bar mu tsaye, kuma sai da aka yi girbi aka gama kafin ya sake amsa gaisuwata. Ni da Yaya muka taho da ƙafa, tana gaba ina biye.  Sai da muka zo daidai masu sayar da gawayi ta yi magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"Shi yaron ofis baƙo ne, bai sani ba, ban riƙe shi ba," ta ce. "Kai fa?"



Na karɓi lamba, na yi lasin, yau damina huɗu ina kan tarakta a Gadambaliya. A shingen hanyar Fau nakan miƙa katin ta taga, a duba a miƙo mini, wani lokaci har a ce in sauka lafiya, ina kallon waɗanda aka zaunar a rana ina kawar da kai. Na roƙi Yaya gafara daga baya, a gaban Baffa, ta ce ta yafe duniya da lahira, kuma na yarda ta yafe ɗin. Ni da ba na yarda da kowa, wannan kam na yarda.

Sai dai tun daga ranar ta daina ce mini wancan. Da sunana take kirana, gatsau, a gaban kowa, kamar yadda take kiran mai kawo mana ruwa a kan jaki. In na shiga rumfa ba ta tashi. Abinci ma hannu da hannu take miƙo mini, ƙanzon kuwa duk wanda ya riga kai hannu shi ke ci. Ƙannena suna cewa ai gara haka, zamani ya canja, Yaya ta waye. Matata ce kaɗai ba ta taɓa cewa komai a kai ba.

Jiya da rana na dawo daga gona, ina kakkaɓe laka a ƙofar gida, na ji wata baƙuwa a ciki tana tambayar Yaya wanne ne babba a cikin 'ya'yanta. Na tsaya cak da takalmi ɗaya a hannu, ina jira ko za ta yi shiru, ko ta ce a tambayi wani, ko ta ce ai wancan ne, na wajen Inna. Ko numfashi ba ta ja ba ta faɗi sunana.